Gaisuwar Mutuwar Badukun Jamus

A shekarar da ruwa ya ɗauke tun dawa ba ta kai gwiwa ba, ni kaɗai ce mace a unguwar Hausawa ta Garwa da ke karanta rubutun Jamus, kuma ban ɓoye wa kowa ba. Sunana Rahamatu. Na sauke Alƙur'ani a gaban Malum Bobbo tun ina ƙarama. Da aka sa yayana Brahim a makarantar Jamus, ni nake yi masa aikin da ake ba shi ya kawo gida, shi kuma ya bar mini tsokar namansa. Shi ya fito da takarda ya zama tafinta a Marwa. Ni na fito da karatun.

Littafi ɗaya ya bar mini, mai kauri, marar bango, wanda Baturen kantin bakin Binuwai ya ba shi kyauta. A shafin farko akwai wata alama mai kusurwa huɗu da ta lotsa cikin takardar. Na gaya wa matan unguwa hatimin Sarkin Jamus ne, in ba shi ba, me kuma zai zama?

Babanmu Iliyasu ya tafi fatauci Banyo tun bara, babu shi babu labarinsa. Gida ya rage daga Inna sai Kaka Ƙaltume, uwar babanmu, sai ni da ƙannena, sai tulun dawa guda a ɗakin Inna. Mun dasa masakwa a fadama, dawar nan ta rani da ake dasawa idan kogi ya janye, kuma abin da ke cikin tulun nan shi zai kai mu ranar da za ta nuna. Kullum da safe Inna takan ɗebi ƙoƙo ɗaya, ta share bakinsa da yatsa, ta mai da abin da ya zubo. Sauran cikin sai mu cika shi da bado da ganyen tafasa.

Zana ɗaya ta raba mu da Baffa Sulaimanu, wan babanmu. Yana da rumbu. Duk ranar da Inna ta aika, sai ya rantse babu komai a ciki sai ƙaiƙayi. Kajinsa dai ba su rame ba.

Inna ce ta ce in riƙa karanta littafin bayan la'asar, wai ko labari zai riƙe wa yara ciki zuwa magariba. Sai in zauna a gindin ceɗiya, in karanta layi da Jamusanci yadda kowa zai ji, sannan in juya shi da Hausa. Ba dole ba ne sai na fara da Jamusancin. Ina so ne a ji shi ta bayan zana.

Labarin wani mai ɗinkin takalma ne a wata ƙasa mai sanyi. Sunansa ya gagari bakin Kaka, ta sa masa Baduku. Hannunsa ya shanye, aiki ya tsaya, mai gidan da suke haya yana ta zuwa yana buga ƙofa, matarsa Marta da 'ya'yansu sun koma cin ɓawon dankali.

Da farko haushinsu na ji, kuma ban fasa faɗa ba.

"Wai fa talakawa ne," na ce wa matan, "amma kowa da takalminsa, har jinjiri. Taga ta gilashi. Gado na ƙarfe. Yau Marta ta sayar da agogon bango, ta cika shafi guda da kuka."

"Mene ne agogon bango?" in ji Kaka.

"Abin da ke gaya musu lokaci."

"Ba su da rana?"

"A nan an ce takan yi wata ba ta fito ba."

"Wayyo, bayin Allah."

"Ba wani bayin Allah, Kaka. A kawo mini Marta nan ta shiga taɓo zuwa cinya tana tonon bado, mu ga ko za ta tuna da agogo."

Haka nake yi mata kullum, har ranar da na kai inda Marta ta ɗora tukunya a wuta babu komai a ciki sai ruwa. Ta yi ta juyawa da ludayi tana cewa saura kaɗan, don maƙwabta su ga hayaƙi, yara kuma barci ya kwashe su suna jira. Na karanta Jamusancin lafiya lau. Da na zo juya shi da Hausa, sai ga hawaye. Abin da Inna ta yi mana ke nan shekaranjiya. Na ce hayaƙi ne ya shiga mini ido, alhali ba a hura wuta ba. Inna ta miƙe ta ce bari ta duba akuya. Akuyar kuwa mun sayar da ita tun kafin azumi.

A nan Baffa ya yi gyaran murya ta bayan zana.

"Tatsuniyar kafirai ce kawai. Ko kuma yarinyar nan ce ke shirya abinta tana ɗaga takarda."

"Baffa," na ce, "wa zai ɓata tawada da takarda mai kaurin nan a kan ƙarya? Ga hatimin sarkinsu a kai. Duk abin da ke cikin littafin nan ya faru, na rantse."

Na rantse ne da zuciya ɗaya. Ban taɓa ganin littafin da aka rubuta don a yi ƙarya ba. Matar Baffa, Goggo Zuwaira, wadda kullum takan shigo aron rariya daidai lokacin karatu ta manta da rariyar, ta ce ita dai ba ruwanta.

Ana nan Baduku ya mutu. Tari ya kama shi, ya kira Marta ya ce ta kula da yara, ya juya fuska bango.

Kaka ta saki carbi. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Malama, duba da kyau."

Haka take kirana idan tana so ta tsokane ni, amma ran nan ba tsokana ba ce. Na duba. Ya mutu.

"Ai ba Musulmi ba ne, Iya," in ji Goggo Zuwaira.

"Marayun fa? Yunwar tasu ma kafira ce?"

A unguwarmu ba a hura wuta a gidan mutuwa. Maƙwabta ke kai hatsi, kuma Kaka ba ta taɓa zuwa gaisuwa hannu sake ba tun da aka kawo ta Garwa. Ta tashi ta shiga ɗakin Inna. Muka ji ƙarar tulu ya karkata, muka ji dawa tana zuba, zubar ta daɗe, sannan ta tsaya don kanta. Ta fito da ƙwarya a hannu.

"Iya!" in ji Inna. "Duka ke nan fa. Babu ƙwaya a bayanta."

"Mu muna da bado. Su ƙasarsu ruwan ma ya daskare."

"To wa za ki kai wa? Kin san gidansu?"

"Baturen kanti ba ɗan ƙasarsu ba ne? Shi ne danginsu a garin nan. Ya aika musu."

"Jirgin ruwa ba ya zuwa sai damina, Iya."

"Dawa ba ta ruɓewa."

Inna ta ja ni bayan ɗaki ta riƙe mini hannu har ya yi zafi. "Ki ce mata tatsuniya ce."

"Ba tatsuniya ba ce, Inna."

"Na ce ki ce."

Ta ƙasan zana ina ganin ƙafafun Baffa. Sun tsaya cik.

"Ba zan ce ba."

Ta sake ni. "To, gobe sai ki dafa mana littafin."

Washegari da hantsi muka kama hanyar bakin kogi. Kaka a gaba da sandarta, ni a baya da ƙwaryar a ka da littafin a hammata, Goggo Zuwaira a tsakiya, wai ta zo raka Iya ne, amma kowa ya san wanda ya aiko ta. Ban taɓa ɗaukar ƙwarya mai nauyin wannan ba. Ina tafe ina lissafin bakunan da ke gida, kaina kuwa a miƙe, don 'yan matan da ke ɗiban ruwa suna kallo.

Baturen nan Jan Kunne ake ce masa, saboda rana ta gasa masa kunnuwa har suna saɓa. Muka same shi a baranda yana fifita da hula. Tafintansa ya tafi kasuwa. Kaka ta tuɓe takalmi, ta zauna a ƙasa, ta sunkuyar da kai.

"Sannu. Ya haƙuri? Ya ƙarin haƙuri? Haka Allah ya so. Sannu, ɗana."

Goggo Zuwaira ta ɗan sa kuka gajere, don ladabi.

Ya dube su, ya dube ni. Ni kuwa ban taɓa magana da Bajamushe ba. Duk Jamusancin da ke bakina na Marta ne. Na gyara tsayuwa na ce masa, "Ya kai mai daraja, duhu ya sauka a kan gida. Uba ya juya fuskarsa bango, ba zai ƙara tashi ba."

Na ɗauka ba zai iya ƙara fari ba. Ya ƙara. Hular ta faɗi. Ya tambaye ni yaushe saƙon ya iso, kuma me ya sa aka ba ni ba a ba shi ba. Ashe yana da tsohon uba a gida.

Na buɗe littafin na nuna masa wurin da yatsa. Ya karanta, ya juya littafin, ya sake kallonmu. Sai ya fashe da dariya, har ya riƙe ciki yana tari.

"Ku ƙyale shi," in ji Kaka. "Wasu haka baƙin ciki ke kama su."

Da ya samu numfashi ya yi mini bayani a hankali, kamar mai magana da yaro. Babu Baduku, babu Marta. A ƙasarsu, in ji shi, mutum kan zauna a ɗaki ya ƙago mutane daga kansa, ya jefa su cikin wahala, a buga, a sayar, jama'a su saya su yi kuka.

"Su saya?" na ce. "Kukan?"

Ya ce ƙwarai, kuma ana ciniki sosai.

Na sake tambayarsa ko akwai wani ɓangare da ya faru. Ya ce ko ɗaya.

Goggo Zuwaira ta matso har ina jin numfashinta. "Me ya ce?"

Babu mai jin Jamusanci a wurin sai ni. Da na ce ya gode, ya karɓa, da rantsuwata ta tsaya da ƙafarta har abada. Na dubi ƙwaryar. Na ɗaga kai, na faɗa da ƙarfi yadda ba za a ce an ji ni ina ƙunƙuni ba.

"Ya ce ƙarya ce. Wani ne ya zauna ya shirya. Babu Baduku."

"Af!" in ji Goggo Zuwaira. Tuni ta fara gyara ɗaurin zani irin na mai shirin sauri.

Na sunkuya zan ɗauki ƙwaryar, ina cewa a raina ko ba komai na sayi dawa da mutuncina. Kaka ta ɗora sanda a kai.

"Tsaya. Tukunyar ruwan nan fa? Ita ma shirya ta aka yi?"

"Ya ce duka, Kaka."

"Shi bai sani ba. Ba a shirya wannan. Wanda ya rubuta ya kwanta yana jiran tukunyar nan, uwarsa ce ta juya ludayin. Ita za a kai wa."

Na tambaya. Jan Kunne ya ce yana jin marubucin ya daɗe da mutuwa, balle uwarsa.

"Allah sarki, mutuwa biyu ke nan. Danginsu fa?"

Bai san su ba.

"To shi ne nasu a nan. Ya karɓa a madadinsu." Ta tura ƙwaryar da sanda har gaban takalminsa.

A shekarar nan kantin yana neman hatsi ido rufe don masu dakon kaya. Na ga ya sunkuya ya sa hannu, ya ɗebo, ya murza, ya ce dawa ce mai kyau. Na zubar da rantsuwata a gaban matar Baffa, ga shi dawar ma za ta bi ta.

Kaka ba ta sa ni ba, ni na tambaye shi don kaina. Na ce, a cikin littafin duka, ina ne ya fi sa shi kuka?

Ya sosa jan kunnensa. Ya ce gaskiya bai karanta ba. Wanda ya gada a kantin ne ya bar shi. Ƙafar teburinsa ɗaya ta gaza, sai ya tokare ta da shi, har ranar da kafinta ya gyara. Ya karɓi littafin ya nuna mini alamar nan mai kusurwa huɗu, ya nuna ƙafar teburin.

Hatimin Sarkin Jamus.

Wannan ta fi ta farko zafi, amma na ga inda za ta yi mini aiki. Na juya ta da Hausa ban rage ko gishiri ba.

"Kaka, ya ce bai taɓa buɗe shi ba. Teburinsa ya tokare da su Marta. Wannan ba hatimi ba ne, sawun ƙafar tebur ne. A kansu yake cin abinci."

Goggo Zuwaira ta toshe baki. Ta samu kaya biyu a tafiya ɗaya.

Kaka ta miƙe ba tare da sanda ba, abin da ta shekara ba ta yi ba.

"Marayu a ƙarƙashin ƙafar tebur? Yana cin nama a kansu suna cin ɓawo? Kai, ɗan nan, ba ka da ido ne ko ba ka da uwa?"

Ya tambaye ni me ta ce. Na ce tana gaishe shi.

"Wanda bai yi kuka ba ba a yi masa gaisuwa," in ji Kaka. Ta jawo ƙwaryar. Ta tsaya tana huci, sannan ta juyo kaina. "To wa ya yi musu kukan?"

"Mu, Kaka."

"Wa ya zauna musu kullum la'asar?"

"Mu ne."

Ta tafa hannu. "Ashe gidan makokin namu ne. Muka ɗauko hatsi daga gidan mutuwa muka kawo wa baƙo. Ɗauki mu tafi, Malama, kada a ji."

Kafin mu tafi ta kama hannun Jan Kunne ta buɗe shi a kan ƙwaryar, ta kakkaɓe ƙwayoyin da suka maƙale masa tsakanin yatsu. Ya bar mata hannun kamar ba nasa ba. Muna sauka daga barandar ya kira ni ya ce akwai wani littafin a ƙarƙashin ƙafar kabad, in ina so. Na ce ya ajiye sai an yi girbi, yanzu gida ɗaya muke iya ɗauka.

Goggo Zuwaira ta riga mu isa. Muka tarar da Baffa ya leƙo ta saman zana, fuskarsa kamar ranar salla.

"Malama Rahamatu! An gaishe da Sarkin Jamus? Ina hatimin?"

"Na karanta abin da aka rubuta, Baffa, na kuma faɗi abin da aka ce, har wanda bai yi mini daɗi ba." Na miƙa masa littafin ta saman zanar. "Ga shi. Baffa ya nuna mini layin da na kuskure."

Bai karɓa ba. Ya ce yana da alwala.

Inna ta tare ni a bakin ɗaki. Ta karɓi ƙwaryar ta juye a tulu, ta sa yatsa ta share gindinta. Da yamma, a tuwon da bai kai tafin hannu ba, nawa ya fi na kowa da loma ɗaya.

An yi mini dariya a bakin rijiya, an yi a kasuwa. Yara suka riƙa bina suna kiran ƙafar tebur. Ban sauya hanya ba ko sau ɗaya. Ƙoƙon Inna ya ƙara ƙanƙancewa, muka ci bado har harshe ya daina jin ɗacinsa, na rame har awarwaron hannuna yana kaiwa gwiwar hannu. Amma kullum la'asar ina gindin ceɗiya, kuma mata sun fi da yawa. Sun ji ƙarya ce, sun zo su ga yadda ƙaryar za ta ƙare. Ni kaina na daina zagin Marta. Da ta wanke kayan mutane har hannunta ya tsage, na ce to, yanzu kin fara zama mace. Goggo Zuwaira ta daina ambaton rariya. Baffa kuwa ya gano cewa zanar nan tana bukatar gyara daidai wannan lokacin, kullum.

Masakwa ta fara fid da kai ranar da muka zo ƙarshe. An fitar da kayan Marta waje, ƙanƙara na zuba, ƙaramin yaron yana tari irin na ubansa. Sai ga keken doki ya tsaya. Wani mutum ya sauko da babbar riga. Wan Baduku ne, wanda ya tafi wata ƙasa bayan teku ya yi arziki. Ya rungume yaran, ya sallami mai gida, ya sa aka shigo da buhunan gari da nama da gawayi.

Na rufe littafin da ƙarfi. Duk wahalar da matar nan ta sha, ta riƙe gidan da hannunta, a ƙarshe a ba wani mai riga ladan? Na buɗe baki zan faɗa, Kaka ta riga ni.

"Wan uban yaran?"

"Shi, Kaka."

"Uwa ɗaya uba ɗaya?"

"Haka aka rubuta."

"Ya zo da hatsi? Da kansa? Ba a aika ba?"

"Buhu-buhu."

Kaka ta juya ta fuskanci zana, ta ɗaga murya kamar mai kiran awaki.

"To yau na yarda da Jan Kunne. Littafin nan ƙarya ne. Tukunyar gaskiya ce, tarin gaskiya ne, amma wannan baffan, wanda ya rubuta shi bai taɓa ganin baffa ba. Ni na haifi ɗaya, na sani."

Matan suka kwashe da dariya, har Inna. Goggo Zuwaira ta cusa mayafi a baki. A bayan zana gyaran ya tsaya, aka yi wani tari wanda ba na cuta ba, sannan ƙafafun suka yi gaba.

Washegari da na fito shara na sami ƙwarya a gindin zanar, ta ɓangarenmu, an rufe ta da faifai. Gero ne. Ƙwaryar ƙarama ce, kuma an share bakinta da yatsa sosai. Na kai wa Kaka. Ta ɗaga ta ta auna nauyinta a hannu.

"Na littafin ya fi shi," ta ce. "Kai wa uwarki ta zuba a tulu."

Da shi da sauran dawar muka kai ranar da aka yanke masakwa.